Abin da Ruwa Ya Rufe a Yauri: Kundin Aiki

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Wata yarinya ce 'yar aji biyar ta jawo mini wannan aiki. Ina cikin koya musu yadda aka gina madatsar Kainji, na rubuta shekaru a allo kamar yadda na saba, an fara a 1964, an gama a 1968, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kakata ta ce a gungu aka haife ta, kuma gungun yana cikin ruwa yanzu. A taswirar nan ina yake?" Gungu dai tsibiri ne a tsakiyar kogi. Na juya na dubi taswirar da ke manne a bango. Shuɗin fenti ne kawai tun daga Yelwa har Kainji, ko ɗigo babu. Na ce mata zan bincika. Kowa ya san "zan bincika" ta malami, yawanci nan maganar take mutuwa. Wannan kam ta ƙi mutuwa, ta biyo ni har gida.

Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da cewa tsawon tafkin ya kai kimanin kilomita 135, an tashi mutum wajen 44,000 daga gidajensu, an tsara madatsar da injin 12 amma 8 aka sa. Duk na haddace kamar karatun allo. Amma a ce in nuna inda ƙauye ɗaya yake cikin waɗanda ruwa ya ci, na kasa, ga shi kuwa a Yelwa aka yanke mini cibi.

Abin da muka ƙulla ni da ƙanena da tsofaffin ɗalibaina biyu shi ne mu yi ɗan ƙaramin littafi da taswira. Mu zauna da dattawan da suka ga tashin da idonsu, mu rubuta sunayen tsibiran da wuraren da suke, sannan mu fitar da hanyar da mutum zai iya bi ranar Asabar da iyalinsa, wani wuri a ƙafa, wani wuri a jirgi, ya sha iska ya kuma san abin da yake wucewa ta kai. Mutanen garin nan ruwa a ƙofar gida, amma in ka cire masunta da 'yan kasuwa, da yawanmu sai shekara ta zagayo ba mu taka jirgi ba.

Kuɗin aiki: babu. Wayata, babur ɗin ƙanena, da littafin rubutu mai bango mai kauri.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ba a shiga ruwan mutane ba sallama, don haka muka fara da Sarkin ruwa. Mun same shi a rumfa yana raba wata gardama kan koma da ta sarƙe da ta wani. Da ya gama na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, wurinka muka zo neman iri." Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya tambaye ni ko gwamnati ce ta aiko mu, ko kuma akwai maganar diyya a ciki. Na rantse masa babu. Ya ce in faɗa wa duk wanda zan zauna da shi haka tun daga farko, don kada tsoho ya ba ni labari yana zaton takardar biya nake cikewa. Wannan shawara ta fi duk abin da na tsara a gida amfani.

Ya haɗa mu da wani matuƙi da ya haura saba'in, wanda zan riƙa kira Baba a nan. Baba ya ji abin da muke nema sai ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce, "Malam, ai kun zo a baibai. Ruwan damina bai gama wucewa ba, ga na Mali yana tafe. Yanzu ko hasumiyar masallaci ce a ƙasa ba za ka gan ta ba."

Na san wannan a takarda, amma ban taɓa haɗa shi da aikina ba. Kwara, wato kogin Neja, sau biyu take cika a shekara a wajenmu. Ta farko daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan saman ƙasar nan ne da gulaben Sakkwato da Rima suke kwasowa, ga laka ga ƙasa, shi masu bincike ke kira farin ruwa. Ta biyu ruwan da ya zuba a tsaunukan Gini ne, ya bi ta fadamun Mali ya yi watanni yana jan ƙafa, lakarsa ta kwanta a can, sai ya iso mana a tace tsakanin Disamba da Fabrairu, shi ne baƙin ruwa. Bayan nan tafkin yake fara ja, yana kaiwa ƙarshen jansa wajen Yuli zuwa Agusta, kuma tsakanin cikarsa da jansa yakan kai mita 10. Ke nan kufan da muke nema ba za su leƙo ba sai bazara ta yi nisa. Mun fara aiki daidai lokacin da babu abin gani.

Baba ya ce kada mu karaya, kai yana da ido ko ruwa ya rufe. Ya kuma ja mana kunne kan dorina. Kwanakin baya ne ta kashe wani masunci a nan Yauri, har aka fita farautarta aka kashe ta, labarin ya kai gidajen rediyo. Ya ce akwai lungunan da ba zai kai mu ba ko nawa za mu biya.

Maganar biya kuwa, litar fetur ta haura naira 1,000. Mun yanke fita ruwa sau ɗaya a wata.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau muka je wurin kakar yarinyar. Ƙauyensu ɗaya ne daga cikin waɗanda aka gina wa mutanen da aka tasa, kuma ko daga nesa ana gane irinsu: ɗakunan bulo a jere, da rufin asbestos mai lanƙwasa kamar an kifa rabin ganga. Abin da na lura da shi tun daga zaure, ɗakin gwamnatin buhunan shinkafa ne a ciki da akuya mai jego. Ita tsohuwar a ɗakin ƙasa take kwana, wanda mijinta ya gina a gefe shekarar da suka dawo. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ɗana, shiga ka zauna da azahar ka ba kanka amsa."

Na bi shawarar Sarkin ruwa, na ce, "Inna, ni ba ma'aikacin diyya ba ne." Ta ce ta sani, masu diyya ba sa zuwa a babur.

Ta ce tana amarya aka tashe su, cikinta na fari. Kafin nan an yi ta zuwa ana auna gonaki ana shafa fenti a jikin itatuwa, ana ce musu ruwa zai kai nan. Dattawansu suka ƙi yarda. Mutumin da aka haifa a tsakiyar Kwara, ya san iyakarta a shekarar cika da shekarar fari, wani yaro mai gajeren wando ya zo ya ce masa ruwa zai hau kan tsamiyar kasuwa? Sai da suka ga ya wuce inda kakanninsu suka san yana tsayawa, ya ci gaba da hawa ba ruwan sama ba komai, sannan aka fara ɗaure kaya.

Ta daɗe a kan albasa. Ta ce ƙasar gungu baƙa ce mai laushi, kowace shekara kogi ya zo ya shimfiɗa mata sabuwar laka ya koma. Da rani su dasa albasa a bakin ruwa su yi ta ban ruwa da ƙwarya, fatake su zo har bakin gaɓa su saya. Da aka kawo su tudu aka nuna musu gona, sai ga tsakuwa. Shekarun farko, inji ta, maza da yawa kwalekwale suke shiga su koma su yi shuka a duk inda ruwa ya ja ya bari.

Sai ta aiki jikar ta ɗaga wani tsohon buhu a bayan ɗaki. Dutsen niƙa ne, tsakiyarsa ya lotsa ya yi santsi kamar cikin akushi. Na kakarta ne. Ranar tashi mijinta ya ce a bar shi, jirgi ya yi nauyi. Ta ce to a bar su tare. Aka sauke tukunya biyu aka ɗora dutsen. Na sa tafin hannuna a cikin lotsawar, ya shige har wuyan hannu. Mata nawa ne suka durƙusa a kansa kafin dutse ya cinye haka?

Na tambaye ta abin da ba ta iya ɗaukowa ba. Ta yi shiru, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce, "Uwata tana can." Ban ƙara tambaya a kan wannan ba.

Kafin mu tashi ta rera wata waƙar daka da harshensu. Mu Gungawa muke ce musu, wato mutanen gungu, su kuwa Reshe suke kiran kansu. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na dubi jikar don ta fassara mini, sai ta sunkuyar da kai. Ita ma Hausa kaɗai take ji.

Sunan gungun nasu yana cikin littafina, amma ba zan sa sunaye a nan ba sai na koma na karanta wa masu su, sun ji ko na rubuta daidai. Kunnen Bahaushe yana da saurin mayar da sunan mutane abin da ya fi masa sauƙin faɗi.

Laraba, 4 ga Disamba, da dare

Na zauna in kwafe hirar Inna a takarda, sai na tarar rabinta kukan akuya ne da iska. Waƙar ma ta tafi. A kan tabarma na ajiye wayar, kusa da ƙofa. Dole in koma, kuma ban san da wane ido zan ce wa tsohuwa ta sake faɗin abin da ta faɗa ba. Ƙanena ya ce a sa wa wayar safa a baki. Mun gwada a tsakar gida, ya yi aiki.

Asabar, 14 ga Disamba

Fitarmu ta farko a ruwa. Mun bar gaɓa bakwai saura, hazo ya sauko har ba a ganin tsallake, sanyi kuwa yana shiga ƙashi. Mun aro rigunan ruwa shida. Baba ya ce shi ba zai sa ba, wai an haife shi a jirgi, kuma rigar tana hana shi juya kafaɗa. Na ce, "Baba, don Allah ka sa ko don yaran nan su gani." Ya sa, amma bai ɗaure igiyar ba. Na bar shi haka, rabin biyayya ta fi babu.

Ba na wasa da maganar rigar nan, kuma a shafin farko na littafin za ta fito. Duk wanda yake yankin nan a watan Mayun 2021 ya tuna jirgin da ya kife kusa da Warrah ɗauke da mutum fiye da 150, yawancinsu masu neman abinci ne kawai. Lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, da kututturan da ke ƙarƙashin ruwa, su ne ke cin mutane a tafkin nan. Da za a tare ruwan ba a sare dukkan itatuwa ba, suna nan tsaye a ƙasa shekara hamsin da wani abu, wasu saura taki ɗaya su taɓo sama.

Abin mamaki, waɗannan kututturan da ke fasa jirage su ne taswirar Baba. Mun yi kamar awa ɗaya muna yin kudu, hazo ya fara yayewa, sai ya kashe inji ya ɗauki gora. Ya riƙa duban gabas yana turawa a hankali, ya ɗan koma baya, ya sake dubawa. Na tambaye shi me yake nema. Ya nuna mini wata giginya a gaɓa da wani dutse can bayanta. Ya ce idan giginyar ta rufe tsagin dutsen, sannan bakin wancan rafin ya zo daidai kafaɗarsa ta hagu, to mun iso. Ya zura gorar a ruwa, ya laluba, sai muka ji ƙwas.

"Tsamiyar kasuwa ke nan," inji shi. "A gindinta mahauta suke zama. Can inda leda take yawo, masallaci. Gidanmu yana bayan masallacin, ƙofa tana duban yamma."

Muka bi yatsansa da kallo. Ruwa ne kawai, lumui, da ɗan kumfa. Ɗaya daga cikin yaran ya danna wayarsa ya ɗauki lambobin wurin. Muka ɗaura dutse a igiya muka saka a gefen kututturen, ya sauka gaba uku da rabi kafin ya taɓa ƙasa. Da muka jawo shi, laka ce baƙa a jikinsa, mai laushi kamar kwaɓin fura. Na tuna albasar Inna. Na ɗebi kaɗan na ƙulle a leda, ban san me zan yi da ita ba.

Abin da ya tsaya mini a rai, Baba bai koya wa kowa wannan ba. 'Ya'yansa biyu suna Legas, na ukun yana tuƙi amma hanyar kasuwa kawai ya sani. In giginyar can ta faɗi, ko shi ya faɗi, shi ke nan. Don haka na canza tsari: duk wurin da ya nuna, za mu rubuta lambobin waya, mu kuma rubuta alamominsa da bakinsa, giginya da dutse da kafaɗar hagu duka.

A dawowa muka ratse wani sansanin masunta. Mata suna banda, hayaƙi ya cika wurin, ga ƙananan kifin nan warangi an shanya a tabarmi yana ƙyalli kamar an watsa allurai. Muka sayi karfasa aka gasa mana a take, da yaji da albasa, muka ci a tsaye. Wani saurayi ya shigo da giwan ruwa da bai fi tsawon hannu ba, ana ta yaba masa. Baba ya taɓe baki. Ya ce a ƙuruciyarsa wannan sai a mayar da shi ya je ya kira ubansa. Laifin ya ɗora a kan dala, tarun nan mai ƙananan ido da ake ja don warangi amma yana kwashe 'ya'yan kowane kifi. An hana shi tun shekarun 1990, lokacin da aka yi wani shirin kula da kamun kifin tafkin tare da Jamusawa. Hanin yana nan, dalar ma tana nan.

Tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani. Zalɓe tsaye a kan kututture kamar mai gadi, belbela, da garken kirinjijiya da suka tashi gaba ɗaya suna fito da muka matso. Yaran da suka zo don tarihi sun koma gida maganar agwagi kawai suke yi.

Asabar, 28 ga Disamba

Tunda ruwa ya hana mu kufai, muka juya tudu. Birnin Yauri, kimanin kilomita 14 daga Yelwa, yanzu a ƙaramar hukumar Ngaski. Nan ne tsohuwar hedikwatar masarautar kafin rigingimun sarauta na ƙarni na 19 su tarwatsa ta, har Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da ita a Yelwa a 1888. A littattafan makaranta Yauri tana cikin Banza Bakwai. Sunan nan ban taɓa son sa ba, kuma duk shekara sai na faɗa wa ɗalibai haka. Ƙasar da fataken goro suka riƙa ratsawa suna ƙetare Kwara zuwa Gwanja, ta yi ganuwa, ta karɓi kuɗin fito, ina banza a nan? Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, da tarihin Yauri ta ƙarni na 19 ya fara bincikensa a jami'ar Zariya, kuma duk mai son ya san nauyin ƙasar nan a kasuwancin Hausawa daga wurinsa zai fara.

Wani manomi ya zaga da mu inda ganuwa ta rage. In ba an nuna maka ba, tudu za ka ce ne kawai da ciyawa ta rufe. Sai ka hau kai ka ga yadda ya miƙe ya lanƙwasa, ga alamar gwalalo a wajensa. A wani wuri an yanke shi an yi hanyar amalanke, a wani an haƙe ana buga bulo. Ban iya yi wa mai bulon faɗa ba. Ƙasa ce mai kyau, kakanninsa sun riga sun tara masa ita wuri ɗaya.

A nan ne Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, suka yi makonni a 1830 suna neman takardun Mungo Park, Baturen da ya riga su bin Kwara, a wurin sarki. Shi Park ya ratsa Yauri a farkon 1806 a jirginsa, a nan tafintansa Amadi Fatuma ya rabu da shi, kwana kaɗan bayan haka ya halaka a duwatsun Busa. Tafintan ya ce kyautar da aka bayar a kai wa sarki ce ba ta isa ba, shi ya jawo aka tare su, amma bakinsa kaɗai aka ji. 'Yan Lander ba su samu kundin da suka zo nema ba. Suka gangara, suka bi Kwara har teku a shekarar. Ita tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Park duk suna ƙarƙashin tafkin yanzu. Na lura cewa ko'ina aka rubuta abin da ruwan Kainji ya rufe, wurin mutuwar Baturen nan ɗaya ake fara ambata. Tsamiyar Baba ba ta shiga lissafi.

Zagayen da muka yi a ƙafa ya ɗauki awa ɗaya da rabi, kuma zai yi daɗi da sassafe a watannin sanyi. Sai dai dole in rubuta gaskiya a littafin. Tun da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta garin a watan Yunin 2021, ba wanda ke yawo a bayan gari ba tare da ɗan gari ba, kuma la'asar ta yi maka a hanyar gida. Haka ma gandun dajin Kainji, wanda aka kafa a 1979 da haɗa dazukan Borgu da Zugurma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000. Da na so in ba shi babi guda. Na cire. Ba zan tura ɗan wani inda ni ba zan kai nawa ba a halin da ake ciki.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Rigima. Na karanta wa wasu dattawa biyu jerin sunayen da na tara, goma sha ɗaya zuwa yanzu. A na bakwai suka rabu. Ɗaya ya ce gungu ne mai zaman kansa da hakiminsa, ɗayan ya ce unguwa ce kawai ta gungunsu, rafi ne ke raba su da damina. Murya ta hau, har aka kai ga waye kakan wa ya fara kafa bukka. Ashe maganar tana da jijiya a sarautar ƙauyen da suke zaune yanzu, ni ban sani ba na taka.

Ƙanena ya ce in zaɓi wanda ya fi tsufa in bi. Na ƙi. Ni ba alƙali ba ne, kuma in na sa ɗaya a takarda, shekara ashirin nan gaba takardar ce za ta zama hujja a gaban hakimi. Zan rubuta duka biyun, kowanne da cewa haka wasu suka ce. Na ba su haƙuri, na sayi goro.

Na koma wurin Inna ranar Lahadi da waya cikin safa. Ta sake ba da labarin, har ta ƙara da abin da ba ta faɗa ba da farko. Waƙar kuwa ta ce ba ta jin yin ta yau.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun bi bakin ruwan Yelwa a ƙafa muna neman inda iyali za su iya shimfiɗa tabarma. Wuri uku muka samu masu inuwa, biyu a cikinsu leda da bawon rake sun cinye. Na ukun yana da kyau ƙwarai da yamma, rana tana faɗawa a tsallake, jirage suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Matata da na kai ta gani ta yi tambayar da mu maza huɗu ba mu yi ba: mace za ta kama ruwa a ina? Babu. Na rubuta.

Yaran sun so a sa wurin iyo a taswira. Na je na tambayi wani ma'aikacin lafiya, ya ce in rufa wa kaina asiri. Ruwan gefe mai kwanciya, inda ciyawa da kainuwa suke, nan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya suke zama, kuma ta fata ƙwayar take shiga. Yaro ya yi wanka yau, bayan makonni a ga jini a fitsarinsa, wasu iyayen ma har suna ɗauka alamar balaga ce. Ba za mu nuna wa kowa wurin iyo ba. Za mu sa fatsa, da kallon tsuntsaye, da tuƙin kwalekwale kusa da gaɓa tare da mai shi.

Duk inda muka tsaya sai an yi mana maganar bikin Rigata, har wani ya ce ai littafin namu a kanta ya kamata ya tsaya. Ina son Rigata, tseren jirage da kiɗa da 'yan nutso, kuma dattawa na cewa tushenta jaruntakar Gungawa ce ta farautar dorina, sunan ne kawai aka aro daga Turanci. Amma kwana biyu ko uku ce a shekara, manyan baƙi su zo su tafi. Ni sauran kwanakin nake nema wa abin yi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gwaji na farko da mutane. Ɗalibai goma sha biyu da izinin iyayensu a rubuce, malama ɗaya, jirgi biyu, kowa da riga a ɗaure, har Baba. Na yi kuskuren lissafi, na ce za mu dawo sha ɗaya, sai ƙarfe ɗaya muka taka gaɓa, ruwan sha ya ƙare, wata yarinya ta yi ta amai tun daga rabin hanya. Injin jirgi na biyu ya mutu sau biyu. Wani uba ya tare ni a bakin ruwa ya wanke ni tas, kuma da gaskiyarsa.

Amma da muka isa kan tsamiyar, na ce kowa ya yi shiru, Baba ya miƙa wa yarinyar da ta fara tambayar nan gorar. Ta zura, ta laluba, ba ta samu ba. Ya kama hannunta ya karkata shi kaɗan. Da ta ji ƙwas ɗin sai ta saki ƙara ta kusa yar da gorar. Daga nan kowa sai ya taɓa. Wani yaro ya tambayi Baba ko tsamiyar tana da zaƙi. Ya ce tsami gare ta kamar me, ba mai shan ta sai awaki, inuwarta kawai ake so.

Ba gungun kakarta ba ne, nasu yana can ƙasa, inda Baba ya ce sai ruwa ya ja zai iya kai mu saboda kututture. Na faɗa mata haka tun kafin mu tashi don kada ta sa rai.

Gyaran da za a yi: a tashi shida da rabi, kada a wuce mutum takwas a jirgi, jarkar ruwa biyu, kuma a gwada inji tun daren jiya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Inda aka kwana: hira da dattawa 9, 6 an kwafe a takarda. Sunaye 14, wurare 4 ne kawai muka tsaya a kansu da jirgi. Taswirar tana nan a kwali, da fensir, ƙanena ya zana giginyar Baba ta fi dutsen girma. Ɗaya daga cikin dattawan da na yi niyyar komawa wurinsa ya rasu ranar Litinin, Allah ya jiƙansa. Tambaya uku na tanadar masa.

Azumi saura mako guda, za mu dakata da fita ruwa sai bayan Salla, in yi ta kwafe sauran hirarrakin da dare. Na samu wani malamin firamare Bagunge da yake jin harshen sosai, ya yarda zai raka ni wurin Inna, ko ta yarda ta yi waƙar a gabansa.

Jiya da yamma Baba ya kai ni wani dutse a bakin gaɓa ya nuna mini layin da ruwa ya bari. Ya ja da kamar faɗin tafin hannu. Na shafa farin fenti a daidai inda yake yanzu. Ya ce in riƙa zuwa duk Juma'a ina dubawa, ranar da na ga wani jan tsagi ya fito a ƙasan dutsen, in zo in same shi da fetur lita goma.